Zuciyar Yaro da Hanyar Sakkwato

In an ce "ciwon zuciya" a ƙasarmu, wanda ya kan zo wa mutum a rai shi ne dattijon da bashi ya yi wa katutu, ko macen da zaman gida ya ƙi mata daɗi. Ba mai tunawa da yaro. Har mu kan ji manya suna cewa, "Yaro me ya sani da zai yi ciwon zuciya? Ba ya ciyar da kowa, ba ya biyan haraji." Ɓacin rai su ke nufi. Amma akwai zuciya ta tsoka, wadda ta ke cikin ƙirji, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Ita kam ba ruwanta da shekaru. Tana iya kasawa a jikin ɗan shekara 7 kamar yadda ta kan kasa a jikin kakansa.

Mu malaman makarantar ikilisiya ne a nan Warra, bakin tafkin Kainji, ba likitoci ba. Amma wanda ya yi shekara 20 yana kiran sunayen yara kowace safiya ya kan lura da wanda ya zo, da wanda bai zo ba, da wanda ya zo amma ba yadda ya saba ba. Abin da mu ke so mu faɗa wa iyaye shi ne wannan: ciwon da ya kan taɓa zuciyar yaro sau da yawa ba ya zuwa tare da cutar da ta haife shi. Ya kan jira sai an ce yaro ya warke, an yi barka, an ajiye kwalabar magani. Sa'an nan ya shigo, bayan mako biyu ko wata guda, da kamar wani ciwo dabam.

Annobar korona ce ta koya mana wannan. An sami mutum na fari mai cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. A watan Maris aka rufe makarantu, ba mu koma aji ba sai wajen Oktoba. A lokacin rediyo yana ta cewa cutar ta fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini, yara kuwa da sauƙi ta ke zo musu. Gaskiya ne, gama yawancin yaran da suka kamu ko kwanciya ba su yi ba. A bakin ruwa nan kuwa maganar da ta fi yawo ita ce, cutar ta masu shiga jirgin sama ce, ba ta masu shiga kwalekwale ba.

Amma a tsakiyar Afrilu 2020 likitocin yara a Landan suka ga abin da ya tayar musu da hankali. Cikin kwana 10 aka kawo musu yara 8, dukansu da zazzaɓi mai zafi, waɗansu da jan ido da ciwon ciki, jininsu kuma ya sauka har zuciya tana neman tsayawa. Ɗaya ya rasu. A Bergamo ta ƙasar Italiya, inda annobar ta yi ɓarna ƙwarai, aka ga yara 10 masu irin wannan ciwo cikin wata biyu, alhali a shekara 5 da suka wuce duka 19 kaɗai aka gani. Ciwon ya yi kama da wanda wani likitan Japan, Tomisaku Kawasaki, ya bayyana tun 1967, wanda har yau a ke kira da sunansa. Ranar 15 ga Mayu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da dukan ƙasashe alamunsa. Likitoci suna kiransa MIS-C, watau kumburin da ya kan kama sassan jikin yaro da yawa gaba ɗaya. Ba a ƙasar Turawa kaɗai ya tsaya ba. A Cape Town ta Afirka ta Kudu an rubuta labarin yara 23 a tsakiyar shekaran nan, daga baya likitocin Legas su ma suka rubuta na yara 28.

Ga yadda abin ya ke. Allah ya sa wa jiki mayaƙa a cikin jini, masu tashi su yaƙi ƙwayar cuta in ta shigo. A jikin yawancin yara sai su yi aikinsu su kwanta. Amma a jikin waɗansu kaɗan, bayan mako 2 zuwa 6 da wucewar cutar, mayaƙan nan su kan tashi kuma, ba abokin gaba, sai su far wa jikin da su ke tsaro. Kamar wutar da yara su kan sa wa daji domin farautar gafiya ne: gafiya ta riga ta tsere, wuta kuwa ta bi iska ta kama rumbu. Ta kan kama fata, da ido, da hanji, da ƙoda. Inda ta fi haɗari ita ce zuciya. Tsokar zuciya ta kan yi laushi, ta kasa tura jini, kamar injin ban-ruwa na masu albasa sa'ad da ya ke ƙara amma ruwa ba ya hawa. Akwai kuma ƙananan jijiyoyi masu ciyar da zuciyar kanta. Su kan kumbura su yi ƙulu, irin na tiyub ɗin keke da ya tsufa, jini kuma yana iya daskarewa a wurin.

Mun ga wannan a ajinmu a hunturun farkon 2021, lokacin da annobar ta sake tashi karo na biyu. Yaron ɗan shekara 9 ne, ɗan aji huɗu, ubansa masunci. A watan Janairu mura da tari suka zagaye gidansu. Uwarsa ta yi mako guda ba ta jin ƙamshin kome, har daddawa. Shi kuwa majina ce kawai ta kwana biyu, bai fasa zuwa makaranta ba. Bayan wata guda, ran nan ya kifa kansa a kan tebur, jikinsa zafi kamar tukunya. Aka kai shi gida. Aka sayo maganin maleriya a kemis, ya sha, zazzaɓi bai sauka ba. Rana ta uku ciki ya murɗe, ga amai, sai aka ce taifot ne, aka sake magani. Idanunsa suka yi ja wur, ba kwantsa, maƙwabta suka ce Apolo ne. Leɓunansa suka tsattsage, amma a hunturu leɓen wa ne ba ya tsagewa? Da ƙuraje suka fito, kakarsa ta ce baƙon dauro ne, mai baƙon dauro kuwa ba a fita da shi, ba a yi masa allura. Kowa ya faɗi abin da ya sani, kuma ba wanda ya yi maganar banza, gama ciwon ya yi kama da dukan waɗannan.

Rana ta biyar muka je gaisuwa tare da wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, 'yar zumuntar matan ikilisiyarmu. Ba ta zo da kayan aiki ba, sai agogon hannunta. Ta taɓa ƙirjin yaron, zafi. Ta taɓa ƙafafunsa, sanyi ƙalau. Ta danna farcensa har ya yi fari, ta saki, jan ya daɗe bai komo ba. Ta riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo, ta ƙidaya numfashinsa kuma. Ta tambayi uwar yaushe ya yi fitsari, uwar ta ce tun jiya da la'asar. Ta ce a kawo katin rigakafinsa, ta ga an yi masa allurar baƙon dauro tun yana wata 9. Sai ta juya ga uban.

Ta ce, "Baban yaro, tashi ka nemo mota yanzu."

Ya ce, "Mama, jibi kasuwa. In na sayar da kifin da na banda sai mu tafi."

Ta ce, "Ɗana, yaron nan ba zai kai jibi a ɗakin nan ba. Ka bar kifin, kuɗi a same su a wani wuri."

Ma'ajin ikilisiya ya buɗe akwati da yardar dattawa, wani maƙwabcinsu Musulmi mai sayen kifi ya ba da rance ba tare da an roƙe shi sau biyu ba, kafin azahar suna hanyar Yauri. Likitan da ya gan su can ya saurari ƙirjin yaron, ya sa masa ruwa a hankali ƙwarai, ya rubuta takarda ya ce su wuce Sakkwato. Wannan "a hankali" yana da muhimmanci, iyaye su riƙe shi. Mun saba ɗaukan ƙarin ruwa kamar shi ne babban magani, har waɗansu su kan kira mai kemis ya rataya leda a ƙusar bango ya buɗe ta duka. Amma in zuciya ta raunana, ruwan da aka ɗura da sauri ba ya samun mai tura shi. Sai ya taru a huhu, yaro ya shaƙe a kan gadonsa.

A Sakkwato aka yi masa hoton zuciya, wanda likitoci su ke kira eko. Dangin sikanin ne da a ke yi wa mata masu ciki. Ba yanka, ba allura, ba zafi. Ana shafa mai a ƙirji, a ɗora wani ɗan abu a kai, sai zuciya ta fito a allo da ɗakunanta huɗu da ƙofofinta, ana ganin yadda ta ke matsewa. Da uban ya komo ya ce mana, "Malam, na ga zuciyar ɗana da idona. Motsi ta ke yi kamar kifin da ya kwana a raga." Ba mu taɓa jin wanda ya bayyana abin fiye da haka ba.

Kunne da hannu suna iya gaya wa likita cewa zuciya tana wahala, amma eko ne ke nuna inda wahalar ta ke da kuma girmanta. Na'urar kuwa ba ta isa ita kaɗai ba, sai da wanda ya koyi karanta zuciyar yara, wadda ta ke ƙarama, mai saurin bugawa. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a ƙasar nan duka, suna manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Shika a Zariya. Daga Warra sai mutum ya kai Yauri, ya bi ta Koko, ya kai Jega inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu, ya wuce Tambuwal, kāna Sakkwato. Tafiyar yini ce ga mai lafiya. Wanda ya ke tunga ko tsibiri kuwa sai ya fara da jiran jirgin ruwa. Tun ranar 26 ga Mayu 2021, da jirgi mai ɗauke da mutane fiye da 100 ya nutse kusa da mu, ba uwar da ke shiga ruwa da yaro ba tare da faɗuwar gaba ba. Bayan mako uku, ranar 17 ga Yuni, aka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, direbobi da yawa suka daina yarda da tafiyar dare ko nawa za a ba su. Saboda haka mu nan ba mu da damar jira sai ciwo ya yi tsanani. Mutumin birni yana iya jira har tsakar dare ya ɗauki yaro, cikin rabin sa'a yana gaban likita. Mu dole mu yanke shawara da safe, tun yaro yana iya zama a mota.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne zazzaɓi na kwana 3 ko fiye. Idan yaro ya kai kwana 3 da zazzaɓi, maganin maleriya bai taɓa shi ba, ga jan ido ko ƙuraje ko jan harshe, ko hannu da ƙafa sun kumbura, ko ciki yana ciwo da amai da zawo, to, a kai shi inda likita ya ke, a kuma gaya wa likitan ko wani ciwo ya zagaya gidan cikin wata biyu da suka wuce. Wannan labari na baya shi ne iyaye su kan manta, gama a ganinsu ya riga ya wuce. Ƙidayar numfashi kuwa kowa yana iyawa, tun da yanzu kowace waya tana da agogo. A buɗe rigar yaro yana kwance shiru, a ƙidaya tashin ƙirjinsa minti ɗaya cif. Jariri daga wata 2 zuwa shekara guda, 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ya yi yawa. Ɗan makaranta da ya wuce 30 yana kwance, ko wanda ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da matashi, ba na gida ba ne kuma.

Waɗansu 'yan'uwa su kan kai irin wannan yaro wurin addu'a su kwana uku a can. Ba mu raina addu'a ba, mu ma mun yi wa yaron nan a aji kowace safiya. Amma ana iya yin ta a cikin mota, ana iya yin ta a barandar asibiti.

Game da magani, akwai wani ruwa da a ke tacewa daga jinin mutane masu yawa, ana sa shi ta jijiya. Ga masu ciwon Kawasaki, in an ba da shi cikin kwana 10 na fari, ya kan rage kumburin jijiyoyin zuciya daga wajen yaro 1 cikin 4 zuwa wajen 1 cikin 25. Sai dai yana da tsada ƙwarai, ba kuwa ko'ina a ke samunsa ba. Abin farin ciki, a 2021 wani bincike a kan yara 614 daga ƙasashe 32 bai ga bambanci mai yawa ba tsakanin waɗanda aka ba ruwan nan da waɗanda aka ba magani mai araha mai kwantar da kumburi, dangin deksa. A Nuwamba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi amfani da mai arahan ga yaran da aka kwantar a asibiti. A kula, a asibiti muka ce. Deksan nan ne waɗansu 'yan mata su ke saye domin ƙiba, wanda a ke kira sha-ka-fashe, kuma in an ba yaro mai taifot ko tarin fuka shi da ka, sai ya ɓoye ciwon yana ƙara masa ƙarfi. Asfirin ma likita ya kan rubuta shi kaɗan kaɗan domin kada jini ya daskare, amma ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin a gida, gama yana iya lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Inda aka sami jinya da wuri, yawancin yara su kan tashi. A Amurka an ƙidaya yara fiye da 9,000 masu wannan ciwo, waɗanda suka rasu ba su kai 1 cikin 100 ba.

Ɗalibinmu ya komo bayan mako biyu da takarda a hannu: ba gudu, ba ƙwallo, ba ɗaukan kaya har wata 3, a kuma komar da shi a sake eko bayan mako 6. Nan aikinmu ya soma, kuma bai zo da sauƙi ba. Yaro ya sami ƙarfi, kumatunsa sun cika, abokansa suna filin ƙwallo. Kullum sai ya ce, "Malam, ai na warke." Muka ba shi usur ya zama alƙalin wasa, da sharaɗin ya tsaya wuri ɗaya. Muka gaya wa sauran malamai ko ya makara ba tsallen kwaɗo. A gida ma aka hana shi tuƙin kwalekwale da jan raga. Komawa Sakkwato karo na biyu shi ya fi yi wa uban nauyi, gama bashin fari bai biya ba, yaron kuma ga shi garau. Tsohuwar nas ta yi ta bin sa har ya tafi. Eko na biyu ya nuna zuciyar ta koma daidai.

A ganinmu bai kamata a ce sai an kai Sakkwato kafin a ga zuciyar yaron Ngaski ko na Shanga ba. Yanzu akwai ƙananan na'urorin eko da a ke riƙewa a hannu, waɗansu ma da waya a ke haɗa su. A Uganda an koya wa nas-nas amfani da irinsu, suna bi makaranta makaranta suna duba yara, wanda aka ga alama a jikinsa a tura shi wurin gwani. Masu zuwa neman ƙuri'armu da atamfa da sabulu, wannan ne abin da ya kamata mu roƙe su.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa, ciwon MIS-C kuma ya ragu ƙwarai tun 2022. Amma kada iyaye su ce magana ta ƙare, gama akwai waɗansu cututtuka biyu masu irin wannan hali, suna tare da mu tun kafin korona. Ɗaya mashaƙo ne, wanda ya ɓarke a Kano daga Disamba 2022 ya bazu jihohi da yawa. Dafinsa ya kan kama tsokar zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, daidai lokacin da wuya ya fara sauƙi. Rigakafinsa kyauta ne, yana cikin alluran da a ke yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14.

Na biyun ya fi yawa, ya fi kuma shiru. Ciwon maƙogwaro ne na yau da kullum, wanda mu kan kira wanzami ya yanke belu saboda shi. Wani irinsa, in ba a kashe ƙwayarsa da fenisilin ba, bayan mako 2 ko 3 sai yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo, yau gwiwa, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu. Sai a ce sanyi ne. Ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, watau yaran da ke gabanmu a aji. Wani lokaci ma malami ne ke fara gani: yarinya mai kyakkyawan rubutu sai hannunta ya lalace farat ɗaya, alƙalami yana suɓuce mata, kafaɗa tana motsi ba da sonta ba. A gida a ce iskoki ne, a makaranta a ce sakarci ne har a kai ga bulala. Duk lokacin da ciwon ya komo sai ya ƙara cin ƙofofin zuciya, har su kasa rufuwa ko su kasa buɗewa. Yarinya da yawa ba a sanin tana da shi sai ta yi cikin fari, ta kumbura, numfashi ya gagare ta. A ƙiyasin 2019, mutane wajen miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya. An fara buɗe ƙirji a yi aikin zuciya a Nijeriya tun 1974, a Inugu, amma har yau sake ƙofar zuciya kuɗinsa miliyoyin naira ne, fenisilin na kwana 10 kuwa bai kai kuɗin kwandon kifi ba.

Yaron da ciwon ya taɓa kamawa sau ɗaya, a kan yi masa allurar fenisilin kowane mako 3 ko 4, shekara da shekaru, domin kada ya komo. Allurar tana da kauri, tana da zafi, yara su kan gudu, iyaye su kan gaji. Muna da mai karɓarta yanzu a aji shida. Mun sa ɗan ɗigo da jan biro a rajista a kan ranakunta, katinta kuwa uwarta ta naɗe shi a leda biyu saboda ruwan kwalekwale. Ranar allura ta kan fita lokacin tara tare da yayarta, ta komo kafin darasin lissafi, ta zauna a gefe ɗaya na benci har a tashi.